Wasiƙa Daga Ɗakin Inji

Badamasi, ga takarda daga Harbo.
A kan buhu na rubuta ta, hannuna duk gari,
In ka ga fari-fari a gefenta kar ka kaɗe,
Dawa ce, ita ma ta aiko da gaisuwa.

Inji na nan, yana tari irin na tsofaffi.
Bel ya tsinke ran Laraba da hantsi,
Mata sun jera kwanuka har bakin masallaci,
Na ɗaure shi da igiyar guga da bismilla,
Ya kai ni la'asar. Sabo sai ran kasuwa.

Kuɗin mai kuwa kar ka tambaye ni.
Na ƙara hamsin a kwano, Uwale ta ce mugunta ce,
Ta kwashe geronta ta koma wa turmi,
Kwana biyu ta dawo tana dafe da gwiwa.

To, ga babban labari: ɓeraye.
Tun shigowar kaka suka tare a ɗakin nan,
Ba sallama, ba kuɗin haya.
Sun huda buhun masarar Malam Ilu ta ƙasa,
Na biya kwano uku ina ji ina gani.
Sun ci sabulu, sun ci littafin bashi,
Kuma shafin masu taurin biya suka fi ci,
Kai ka ce sun haɗa baki da mutanen unguwa.

Na ɗana tarko da ƙuli, suka ci ƙuli suka bar min tarko.
Na sayo magani a Gujungu wurin mai lasifika,
Wanda ya rantse ko jikan ɓera ba zai saura ba.
Kazar Inna ce ta mutu.
Ban samu lafiya ba sai da na biya da zabuwa.

Gara ta cinye ƙafar benci,
Kyankyasai sun kafa gari a bayan kalanda,
Tabarmar ƙailulata kuwa ta kuɗin cizo ce yanzu,
Sau uku ina yi mata wanka da tafasasshen ruwa.

Ana haka, daren da aka yi ruwan ƙarshe,
Na ji kuka a bayan durom, siriri kamar zare.
Na haska. Mage ce, kunne ɗaya a yage,
Haƙarƙari a waje kamar haƙoran mataji,
Da 'ya'ya uku, ko ido ba su buɗe ba.
Ta yi min huci, ta nuna min haƙora,
Amma na san yaren nan tun muna yara,
Ni da kai mun yi shi a bazarar da Baba ya kwanta.
Sunansa yunwa.

Na zuba mata kindirmo a sakaina, na ja baya.
Tasalla ta ce in kiyaye, ba a san mai ita ba,
Wai ba duk mai wutsiya ce mage ba.
Na ce ko aljana ce, ai mai jego ce,
A ba ni kan kifi na ɗari, a bar tsegunguma.
Ni da ban taɓa saya wa bakina ba,
Ga ni kullum a layin kifi saboda kyanwa.

Ƙaramin bai yi rai ba, mai baƙar jela.
Na binne shi a gindin dalbejiya.
Uwar ta yini tana leƙa bayan buhuna tana kira,
Ran nan ban iya cin tuwo ba, kar ka gaya wa kowa.

Za ka ce ɓera nawa ta kama.
Ɗaya. Ta ajiye min shi a cikin takalmi.
Sauran suna nan, sai dai sun rage ƙafa,
Sun koyi tafiya da sanɗa kamar masu bin bashin dare.

Amma in na kashe inji bayan magariba,
Kunnena na ta ƙugi, ɗakin ya yi shiru,
Takan hau bencin nan, gefen da kake zama,
In ba ta labarin yini, tana lumshe ido.
Ba ta musu kamar kai, shi ne kawai aibinta.

In da hali turo kuɗin bel.
In babu, turo ranar dawowa.